Tura Malami Waje, Raba Kulawa, ko Shiga Babban Aikin Bincike: Wace Hulɗar Ƙetare Ta Fi Amfanar Tsangayar Kimiyya?

Tsangayar kimiyya da ke son ƙulla hulɗa da jami'o'in ƙasashen waje tana da ƙofofi da yawa da za ta iya ƙwanƙwasawa, amma mutanen da za su bi kowace ƙofa har ƙarshe ba su da yawa. A kowace tsangaya malaman da ke iya rubuta takardar neman tallafi mai ƙarfi 'yan ƙalilan ne, kuma su ne dai ke ɗauke da darussa da duba ayyukan ɗalibai da zaman kwamitoci. Saboda haka dole shugaban tsangaya da shugabannin sassa su zaɓi inda za su zuba ƙarfinsu. Hanyoyi uku ne suka fi zuwa gabansu: a tura ƙaramin malami ya yi digiri na uku gaba ɗaya a waje, ko a bi tsarin zuwa da dawowa inda ɗalibi ke rajista a gida yana ziyartar ɗakin gwaje-gwaje na waje ƙarƙashin malamai biyu, ko kuma a shiga babban aikin bincike na haɗin gwiwa da wata hukuma ke ɗaukar nauyinsa. Ma'aunin da nake ganin ya dace a auna su da shi guda ɗaya ne, wato abin da zai rage a cikin tsangayar bayan kuɗin sun ƙare kuma baƙin sun koma gidajensu.

Yarjejeniyar fahimtar juna da shugabannin jami'o'i ke sa wa hannu ban saka ta cikin ukun ba, domin ita izinin yin aiki ce kawai. Galibin irinta shafi biyu ne ko uku, tana cewa ɓangarorin biyu za su yi musayar malamai da ɗalibai gwargwadon samuwar kuɗi, ba ta kuma ɗaure kowa da komai. Tana da amfani idan akwai aikin da ke jiran ta, kamar yadda shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai ke buƙatar yarjejeniya tsakanin jami'o'i biyu kafin a fara musayar ɗalibai. Masu tara ta don ɗaga darajar jami'a kuwa su sani cewa jadawalin jera jami'o'in duniya na mujallar Times Higher Education, wanda ke ware kashi 7.5 cikin ɗari na makinsa ga hulɗar ƙetare, abin da yake ƙirgawa shi ne ɗalibai da malamai 'yan ƙasashen waje da maƙalolin da aka wallafa tare, ba yawan takardun da ke cikin durowar ofis ba.

Hanya ta farko ita ce mafi daɗewa, kuma tana da tsofaffin masu ɗaukar nauyi: hukumar DAAD ta Jamus tun 1925, shirin Fulbright na Amurka tun 1946, da tallafin karatu na ƙungiyar Commonwealth tun 1959. Abin da take bayarwa ba ƙarami ba ne. Wanda ya shafe shekara uku ko huɗu a wani ɗakin gwaje-gwaje na Turai, ko biyar zuwa shida a Amurka, yana dawowa da abin da ba a koyarwa a aji. Ya ga yadda ake riƙe littafin aikin gwaji ta yadda wani zai iya maimaita abin da aka yi, ya zauna a taron mako-mako inda ƙaramin ɗalibi ke ƙalubalantar sakamakon farfesa ba tare da an ɗauki hakan rashin ladabi ba, ya kuma san mutanen da za su zama abokan aikinsa na shekara talatin masu zuwa. Idan sashe yana son buɗe fannin da babu ko mutum ɗaya a cikinsa da ya taɓa yin sa, to babu wata hanyar da ta kai wannan.

Amma tsangaya tana biyan farashi iri uku. Darussan malamin suna komawa kan abokan aikinsa har tsawon shekarun. Maƙalolin da zai wallafa suna fita da sunan jami'ar da ta karɓe shi. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne tambayar binciken da zai ƙware a kanta, wadda malaminsa na can ne ya zaɓa gwargwadon na'urorin da ke ƙarƙashin hannunsa, sai ya dawo ya tarar babu ko ɗaya daga cikinsu. Takardar alkawarin dawowa da ake sa malamai su sa wa hannu tana iya dawo da mutum kan kujerarsa, sai dai ba ta ba shi abin da zai yi aiki da shi, kuma bayan shekara biyu ko uku ta koyarwa zalla ƙwarewar takan fara dushewa ko kuma ya nemi hanyar komawa. Tarihin Abdus Salam, masanin fiziks ɗan ƙasar Pakistan, ya nuna wannan a fili. Ya koma Lahore a 1951 bayan karatunsa a Cambridge, ya tarar ba shi da wanda zai tattauna fiziks da shi, babu kuma mujallun da yake buƙata, har a 1954 ya koma Ingila. Cibiyar nazarin fiziks ta ƙasa da ƙasa, wato ICTP, da ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964, shekara goma sha biyar kafin ya samu kyautar Nobel, ya kafa ta ne domin masanin da ke ƙasa mai ƙarancin kayan aiki ya riƙa zuwa na ɗan lokaci yana komawa, kada ya zama dole ya zaɓi tsakanin ƙasarsa da iliminsa.

Wannan tunani ne tushen hanya ta biyu, kuma ita ce na fi karkata gare ta a mafi yawan yanayi. Ɗalibin yana rajista a jami'arsa, yana da malamin da ke duba aikinsa a gida da wani a waje, yana tattara samfura da yin gwajin farko a gida, sannan ya tafi na wasu watanni ya yi abin da ba zai yiwu a gida ba. Shirin kimiyya na ƙasa da ƙasa na Jami'ar Uppsala da ke Sweden, wanda ya fara da fiziks a 1961 daga baya ya haɗa da kimiyyar sinadarai da lissafi, ya daɗe yana aiki da wannan tsari, kuma abin da ya bambanta shi shi ne yana tallafa wa rukunin masu bincike ne na shekaru masu yawa maimakon mutum ɗaya. ICTP tana da irin wannan shiri tare da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ƙungiyar Commonwealth tana ba da tallafin wata goma sha biyu a Birtaniya ga masu digiri na uku da suka yi rajista a ƙasashensu, DAAD kuma tana ɗaukar nauyin digirin da malamai daga ƙasashe biyu ke dubawa tare. A Faransa an tsara shi a doka, inda ɗalibi ke rajista a jami'o'i biyu, ya kare kundinsa sau ɗaya, duka biyun kuma su amince da digirin.

Ribar wannan hanya tana sauka a wurare da yawa lokaci guda. Tambayar binciken a gida aka haife ta, don haka ɗalibin zai iya ci gaba da ita bayan ya gama. Malamin gida, wanda sau da yawa shi ma ya daɗe bai samu damar bincike ba, yana karanta sabbin maƙaloli saboda ɗalibinsa, yana shiga tattaunawa da takwaransa na waje, sunansa yana fita a wallafe-wallafe, kuma gobe zai iya duba wani ɗalibin shi kaɗai. Digirin yana shiga lissafin tsangayar. Malamai mata da masu ƙananan 'ya'ya, waɗanda barin gida na shekara huɗu yakan gagare su, suna iya tafiyar wata huɗu ko shida, kuma wannan kaɗai ya isa ya canza waɗanda tsangaya ke iya horarwa. Kuɗin da za a kashe wa mutum ɗaya a cikakken karatu a waje kuwa yana iya ɗaukar fiye da mutum ɗaya a nan, tunda kuɗin makaranta da na zaman shekaru su ne mafi nauyi a hanya ta farko.

Sai dai tsari ne mai saurin lalacewa idan ba a shirya masa ba, kuma yana da kyau a kalli yadda yake lalacewar. A ɗauki ɗalibar kimiyyar sinadarai da ke nazarin abubuwan da ta tatso daga wasu tsirrai, wadda aka ba ta wata shida a wani ɗakin gwaje-gwaje na Turai. Bizarta ta makara da mako biyar, amma ranar ƙarewar tallafin ba ta motsa ba. Makonninta na farko sun tafi wajen horon kiyaye haɗari da neman katin shiga gini da jiran layin na'urar da ta zo dominta, wadda ɗaliban wurin suka riga suka kama ranakunta. Da lokacinta ya zo sai jami'in da ke kula da bin doka a jami'ar ya tambaye ta takardar izinin fitar da samfuran daga ƙasarta da yarjejeniyar miƙa su, ita kuwa ba wanda ya taɓa faɗa mata akwai su. Ba ƙeta jami'in ya yi mata ba. Yarjejeniyar Nagoya da aka amince da ita a 2010, ta fara aiki a 2014, ta jaddada ikon kowace ƙasa a kan albarkatun halittunta, Tarayyar Turai kuma ta ɗora wa masu bincikenta nauyin tabbatar da cewa ta halastacciyar hanya aka samo abin da suke aiki da shi. Duk abin da ya cinye wata shidan nan abu ne da za a iya warwarewa ta wasiƙu shekara guda kafin ta hau jirgi.

Akwai kuma saɓanin ƙa'idoji, wanda yakan ɓuya har sai an zo ƙarshe. Wata jami'ar tana karɓar kundin da aka haɗa daga maƙalolin da aka wallafa, wata kuma sai dogon kundi guda. A Sweden da Holland a bainar jama'a ake kare digiri, a Birtaniya kuwa a ɗaki ne tare da masu jarrabawa biyu. Idan malaman biyu suka saɓa a kan alkiblar aikin, ɗalibin ne ke tsakiya, kuma ba shi da ƙarfin da zai ce wa ɗayansu a'a. Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne malamin gida ya kasance mai bincike a fannin da gaske. In ba haka ba sunansa ne kawai a kan takarda, aikin duka ya koma hannun na waje, an koma hanya ta farko ke nan ba tare da cikakkiyar ribarta ba.

Hanya ta uku ita ce mai kuɗi, kuma ita ce ta fi jan ido. Shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, wato Horizon Europe, na 2021 zuwa 2027 an ware masa kimanin yuro biliyan 95.5, kuma jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa suna da damar karɓar kuɗi daga cikinsa a matsayin abokan aiki, muddin gamayyar ta ƙunshi aƙalla cibiyoyi uku daga ƙasashe uku na Tarayyar ko waɗanda suka shiga shirin. Irin wannan aiki yana iya kawo na'urori da albashin mataimakan bincike da kuɗin halartar taruka, yana kuma sa sunan tsangaya a maƙalolin da duniya ke karantawa. Matsalar tana farawa ne daga ranar da aka gayyace ka. Idan wasiƙar gayyatar ta zo saura mako biyu a rufe karɓar takardu, an riga an rubuta manufar aikin an kuma raba kasafin, to rabon da aka bar wa tsangayar kusan kullum shi ne tattara samfura da bayanai, nazari da rubutu kuma a yi su a wani wuri. Bayan shekara huɗu malamanta sun gaji, sunayensu suna tsakiyar jerin marubuta, ba su kuma koyi abin da zai sa su jagoranci aiki na gaba ba. Sun zama 'yan rakiya a binciken da aka yi a kan ƙasarsu.

Duniyar bincike ta san da wannan ƙorafi, kuma akwai rubutattun ƙa'idojin da tsangaya za ta iya kafa hujja da su lokacin ciniki. Hukumar Suwizalan mai kula da haɗin gwiwar bincike da ƙasashe masu tasowa ta fitar da ƙa'idoji goma sha ɗaya tun 1998, na farkonsu shi ne a tsara manufar aiki tare. Sanarwar Montreal ta 2013 ta yi magana a kan amana a binciken da ya ƙetare iyakoki, taron duniya kan amanar bincike da aka yi a Cape Town a 2022 ya mayar da hankali kan adalci tsakanin abokan aiki, mujallar Nature kuma a wannan shekarar ta fara neman marubuta su bayyana irin rawar da masu binciken wurin da aka yi aikin suka taka. Shirin H3Africa na nazarin ƙwayoyin gado, wanda cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyinsa, ya nuna ana iya yin abin ta wata fuska, domin kai tsaye aka riƙa ba cibiyoyin Afirka tallafin, masanan can ne jagorori, an kuma kafa rumbunan ajiye samfura a nahiyar.

Ɓangaren kuɗi ma yana buƙatar a zauna a kansa da alƙalami. Horizon Europe yana ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin aiki domin hidimomin da ba a gani, irin su lantarki da ruwa da aikin ofis, alhali cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun daɗe suna ba cibiyoyin ƙasashen waje kashi 8 kacal. Abin da ya rage jami'ar ce za ta cike daga aljihunta, wato tana iya tallafa wa aikin da take zaton shi ke tallafa mata. Ana buƙatar takardun lissafin sa'o'in aiki da rasit na kowane abu da rahoto a kan lokaci, kuma idan ofishin kuɗi na jami'a bai saba da wannan ba, babban malamin da ya kamata ya kasance a ɗakin gwaji shi zai koma akanta. Kuɗin kuma suna bin siyasar ƙasar da ta bayar. A 2021, lokacin da Birtaniya ta rage kasafin agajin ƙetare daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, an zaftare tallafin ayyukan bincike da yawa suna tsakiyar tafiya, abokan aiki a ƙasashe masu tasowa da suka riga suka ɗauki ma'aikata suka rasa abin biyan su.

Na'urorin da ake murnar samu su ma a duba su da kyau. Babbar na'urar maganaɗisu da masana sinadarai ke gano sigar ƙwayoyin sinadari da ita tana buƙatar a riƙa zuba mata ruwan naitirojin kusan kowane mako da ruwan hiliyom lokaci-lokaci, in kuwa aka bari suka ƙafe maganaɗisun ya mutu, tayar da shi kuma aiki ne mai tsada da sai injiniyan kamfani ya zo. Tallafin shekara huɗu yana sayen na'urar, amma ba ya biyan gyaranta a shekara ta shida. Tsangayar da ba ta da tsayayyen lantarki da ƙwararren ma'aikacin da aka horar kuma aka ba shi albashin da zai riƙe shi, gara ta nemi a rubuta mata tabbataccen lokacin amfani da na'urar abokan aikinta, ta sayi ƙananan kayan da za ta iya riƙewa da kuɗin.

Fanni ma yana canza lissafin. Masanin lissafi ko na fiziks na nazari abokan tattaunawa da mujallu yake buƙata, don haka gajerun ziyarce-ziyarce da ake maimaitawa, irin waɗanda ICTP ke ba masanan da ta ɗauka a matsayin abokan cibiya, sun fi masa babban tallafi amfani. Mai binciken ƙananan ƙwayoyin zarra ko taurari ba shi da zaɓi illa shiga babbar gamayya, domin babu jami'ar da za ta gina irin abin da ke CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, ita kaɗai, kuma a irin waɗannan fannoni ƙa'idojin raba bayanai da sunaye a rubuce suke tun da daɗewa. Masu nazarin tsirrai da ƙasa da duwatsu da cututtuka kuwa su ne ke riƙe da abin da ake zuwa nema, saboda haka ƙarfinsu a teburin ciniki ya fi yadda sukan zata. Kada kuma a taƙaita ido ga Turai da Amurka. Ƙungiyar masana ta TWAS, wadda aka kafa a 1983, tana tura ɗalibai zuwa ƙasashe irin su Brazil da Indiya da Sin, kuma dabarun da aka koya a wurin da shi ma ke fama da tsadar sinadarai da jinkirin shigo da kaya sun fi saurin kamawa idan an dawo gida.

Idan aka haɗa waɗannan, shawarata ga tsangayar da ke da ko da malamai biyu ko uku masu bincike a sashe ita ce ta fara da tsarin zuwa da dawowa, da abokin aiki ɗaya ko biyu da aka san su da suna, ta kuma daɗe a kansa, domin amanar da aka gina a kan ɗalibai uku ko huɗu ita ce ke sa a kira ka tun ranar farko idan za a rubuta babban aiki. Cikakken karatu a waje a ajiye shi don fannin da babu kowa a cikinsa, kuma a tura mutum biyu ko uku a fanni ɗaya maimakon a warwatsa su, tare da ware musu ɗaki da kuɗin somawa kafin su dawo, a kuma nemi tallafin komawa gida da na kayan aiki irin wanda gidauniyar Humboldt ta Jamus ke ba masu binciken da ta taɓa ɗaukar nauyinsu. Babbar gamayya kuma a shige ta idan an samu hannu a rubuta manufarta, an ba tsangayar jagorancin wani sashe na aikin da ya haɗa da nazari, ofishin kuɗi kuma ya ga sharuɗɗan ya ce zai iya.

Akwai abu ɗaya da ba ya hannun kowane abokin aiki na waje, kuma hanya ta biyu ba ta tafiya sai da shi. Ɗalibin da ya dawo daga wata shida da bayanai cike da kwamfutarsa yana buƙatar lokacin nazarinsu tun suna sabbi a kansa. Idan shugaban sashe ya tarbe shi da darussa huɗu da rajistar ɗaliban shekarar farko da tara sakamakon jarrabawa, zai koma ziyara ta gaba bai taɓa bayanan ba, malaminsa na can kuma zai fara tunanin bai kamata ya sake karɓar wani daga wannan tsangayar ba. Don haka kafin a sa hannu a kan komai, kwamitin tsangaya ya rubuta adadin darussan da za a rage wa kowane ɗalibi a shekarun digirinsa da sunan wanda zai ɗauke su, a kai wa majalisar jami'a ta amince, domin kada canjin shugaban sashe ya rushe shi.